Mata Na Ɓata Lissafi

Daga shago, ranar Talata

Zuwa ga ƙanwata Auta, Likitar Ɓeraye,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki, har da ɓerayen naki in ana gaishe su. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar uwar yara da ke yi mata tsiya in gari ya yi sanyi. Kunnena kuwa yana nan yadda kika bar shi, ko ma ya ƙara gaba. Shekaranjiya wani ya kawo fanka ya ce tana ƙara, na kunna ta na ce masa lafiyarta ƙalau. Sai da Tartsatsi ta dafa bayan fankar ta ce, "Baba, ai har a haƙorana nake jin ƙarar nan." Saboda haka kada ki ce in kira ki a waya. In na kara waya a kunne ji nake kamar daga cikin rijiya ake yi mini magana. Takarda ta fi, ko ba komai ina karantawa in sake karantawa.

Maganar 'yarki Tartsatsi ce ta sa na ɗauki biro. Bana take gama ƙaramar sakandare, kuma kafin ƙarshen wata ake so kowane uba ya faɗi ajin da za a sa ɗansa, kimiyya ko kasuwanci ko adabi. Ita dai kin san ta, kimiyya take so, ba ta da zance sai na zama injiniya. Kullum in an tashi makaranta nan shago take yada zango. Yanzu ita ke naɗa mini koyil, wayar nan ta cikin fanka da inji, kuma a ka take lissafin kaurin waya da yawan zagaye, ni ina lalube da takarda ta riga ta faɗi amsa. Ni ma da na gama yanke shawara.

To sai aka kira taron iyaye. Malamin da ke ba yara shawara ya kashe fitila ya haska hoto a bango, ƙwaƙwalwa biyu, ɗaya shuɗiya ɗaya ruwan hoda. Rabin abin da ya ce ban ji ba, uwar yara ce ta maimaita mini a gida. Wai masana sun gano ƙwaƙwalwar namiji ta fi nauyi, kuma wayoyinta an ja su ne don lissafi da ƙere-ƙere, ta mace kuwa don magana da kula da mutane. Wai yarinya takan yi ƙoƙari da farko, sai an kai wurin mai wuya kan ya gaji, ta faɗi, ta yi asarar shekaru. Wata mata daga baya ta ce, "Malam, mu dai a saninmu in an ce mutum yana da nauyin kai ba yabonsa aka yi ba." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don na ga ana yi. Amma da na dawo gida hoton ya ƙi barin idona. Ni mutumin waya ne, Auta. Na san in an ja waya don fitila ba a ɗora mata injin walda.

Ke ce kike buɗe ƙwaƙwalwa kina gani da idonki. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, maganar malamin nan gaskiya ce? Ba na so in tauye yarinyar nan, ba na kuma so in tura ta inda za ta karye. Abin da kika ce shi zan yi.

Uwar yara tana gaishe ki, ta ce mayafin da kika aiko ya yi mata tsawo amma ba za ta mayar ba.

Ni ne naki,
Yayanki

*

Daga wurin aiki, ranar Alhamis

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na yi murna da jin kuna lafiya. A ce wa Anti ta riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi, ta kuma daina tsayuwar wanki. Kai kuma, Yaya, na'urar kunnen da na saya maka ba don a ajiye ta cikin gwangwanin kusoshi ba ne. Mu ma lafiya, sai bayana da ke ciwo saboda sunkuyo.

A tsaye nake rubuta maka wannan. Gobe za mu tashi ni da wasu abokan aiki, za mu zaga makarantu masu nisa muna yi wa malamai bita a kan ƙwaƙwalwa, ga kaya ban haɗa ba. Hoton malaminku na san shi, na gan shi ya fi a ƙirga. Maganarsa doguwa ce, sai na dawo mu baje ta. Amma bari in ba ka labarin ɓerayena, kai mai hankali ne, za ka gane sauran da kanka.

Ɗakin da muke aiki ba shi da taga, sanyi kamar cikin firji, keji a jere a kan kanta har sama. Tun da na fara aiki a nan, duk gwajin da muke yi da maza muke yi. Su ake sakawa a akwatin lunguna a ga ko za su tuna hanya, su ake ba magani, su ake aunawa. Shekara da shekaru ana gwada maza, a rubuta littafi a ce ga yadda ƙwaƙwalwa take. Matan suna ɗakin baya. A ba su abinci, su haihu, shi ke nan aikinsu. Na tambayi ogana dalili, ya ce mata na ɓata lissafi, yau suna haka gobe suna haka, ba a gane kansu. Na yi magana har bakina ya gaji. Jiya bayan wani taro da ya ɓata mini rai, na shiga ɗakin bayan nan na ja kujera na zauna ina kallonsu, na ce ni da ku duk ɗaya. Ka ga dai inda gizo ke saƙa.

Tartsatsi kuwa, don Allah kada ka yarda a kai ta inda za a ɓata mata shekaru a banza. Ka san inda ya dace da ita, ka fi kowa sani. Ka ce mata Goggo tana gaishe ta, ta kuma ce a daina yanke waya da haƙori.

Direban da zai kai ni gida yana ta danna mini ham a ƙasa.

Ƙanwarka,
Auta

*

Daga shago, ranar Asabar

Zuwa ga Auta,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan kin isa lafiya, Allah ya sa a yi bitar a gama lafiya. Gwiwar uwar yara da sauƙi. Na'urar kunne na sa ta, tana yi mini fito, na cire.

Auta, na karanta takardarki har sai da ta fara yagewa a ninki. Na gane. Wallahi na gane, kuma raina ya ɓaci ƙwarai, don ban taɓa sanin haka kike zaune ba. Mu muna nan muna alfahari, duk wanda ya zo shago sai na nuna masa hotonki da farar riga, ashe ke kina ɗakin baya. Duk karatun nan, duk shekarun nan, a ce miki kina ɓata lissafi. Kuma kika haɗiye, ba ki taɓa faɗa wa kowa ba.

Ke 'yar Inna ce, Allah ya jiƙanta. Kin tuna ba ta taɓa faɗin magana a fili? In tana so ta ce abokina ɓarawo ne, sai ta kama ba ni labarin akuyar maƙwabta da ke shiga gidan mutane. Ranar da take so in bar wancan shagon na bakin titi, labarin kazar da ta yi ƙwai a kan hanya ta ba ni. Da na ga kin ce bari ki ba ni labarin ɓeraye, na ce Inna ta dawo. Ba za ki iya cewa Yaya na yi nadama ba, kunya ba za ta bar ki ba, sai kika yi mini hannunka mai sanda. Na gode, kin yi mini rigakafi.

Na kira Tartsatsi na karanta mata. Ta karɓi takardar ta karanta da kanta, ta ce, "Baba, ai ɓeraye Goggo take nufi." Na ce yaro dai yaro ne. Na ba ta labarin Inna da akuya, sannan na ɗora mata yatsa a kan inda kika ce ni da ku duk ɗaya, na ce to wannan fa, ɓera ne ya rubuta? Na nuna mata inda kika ce kada a kai ta inda za a ɓata mata shekaru, na ce kalmar da malaminku ya faɗa ke nan, ga ta daga bakin Goggonki. Ta daɗe tana kallon takardar. Can ta ce, "Har Goggo?" Na ce har Goggo. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi gardama ba. Ta koma ta ƙarasa naɗin da take yi, ta wanke hannu, ta tafi gida.

Jiya na je makaranta na ce a sa ta ajin kasuwanci. Can ma akwai ɗan lissafi, ba za ta yi kewa sosai ba, kuma ba wanda zai tura ta ɗakin baya. Malamin shawara ya yaba mini, ya ce da duk iyaye haka suke da an huta.

Ke kuma ki yi haƙuri da abin da kike gani. In ya ishe ki, ki tuna kina da gida.

Yayanki

*

Daga shago, ranar Litinin

Auta,

Sallama da gaisuwa. Lafiya dai ko? Wata ya mutu, wani ya kama har ya yi nisa, ban ga amsarki ba. Uwar yara ta gwada wayarki ba sau ɗaya ba, a kashe. Ta samu maigidanki, ya ce kina can cikin ƙauyuka, wayar ma ta faɗa ruwa. In fushi kike yi don na tono abin da kika rufe, ki yafe mini. Ban gaya wa kowa ba sai mu uku.

An koma makaranta. Tartsatsi tana zuwa, tana dawowa, tana cin abinci, ba abin da za ka kama ka ce ga shi. Sai dai ta daina zuwa shago. Na ce mata koyil sun taru, ta ce aikin gida ya yi mata yawa. Hotonki da ta liƙa a jikin madubinta ban gan shi ba, uwar ta ce yana cikin akwati. Shekaranjiya mai kanti ya tambaye ta lissafin wasu kaya don ya tsokane ta kamar yadda ya saba, ta ce ya danna a wayarsa.

Uwar yara ta ce girma ne. Ni dai jikina bai ba ni ba. Ki rubuto, ko layi biyu ne.

Yayanki

*

Daga gida, ranar Laraba

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka yafe mini, gaisuwar ma ta gagare ni. Lafiyata ƙalau, jiya na dawo, na tarar da takardunka biyu a kan tebur, na karanta su ko takalmi ban cire ba.

Ɓeraye nake nufi, Yaya! Ɓeraye masu wutsiya da gashin baki! Matan ɓeraye ne a ɗakin baya, a cikin keji, ba ni ba. Ni ofishina yana gaba, har da taga. Haba Yaya! Yaushe na zama Inna? Ni da tun ina ƙarama kake cewa bakina ba shi da murfi? Yarinya ta karanta daidai, ta gaya maka daidai, ka bi ka kwance mata kai da akuyar maƙwabta.

Abin da nake so ka gane shi ne, ilimin da malamin nan yake tinƙaho da shi, da ƙafa ɗaya yake tafiya. In kai ka shekara kana gyaran fanka iri ɗaya tak, ka rubuta littafi ka ce haka duk fankokin duniya suke, ai ka san dariya za a yi maka. Maganar ogana cewa mata na ɓata lissafi, gado ya ci, bai taɓa gwadawa ba. Waɗanda suka daure suka gwada sun tarar matan ba su fi mazan rikici ba. Mazan ma su ne masu dambe a keji su tashi da rauni. Na kawo maka maganarsa ne don ka ga shirme, kai kuma ka ɗauke ta fatawa.

Batun nauyi kuwa, gaskiya ne in an tara maza da yawa da mata da yawa aka auna, ta maza takan ɗan fi, kamar yadda takalminsu yakan fi girma. Ka taɓa ganin an ba mutum aikin injiniya da lambar takalmi? In ka ajiye mini ƙwaƙwalwa a kan tebur ka ce in gaya maka ko mai ita ya iya lissafi, wallahi sai dai in yi canki. Launin shuɗi da ruwan hoda kuwa mai zane ne ya shafa, ni ban taɓa buɗe kai na ga fenti ba.

Ka san abin da ya fi ci mini rai? Bitar da na tafi, a kan hoton nan ne. Shi na je in koya wa malamai yadda za su gane irinsa. Makaranta bayan makaranta ina tsaye gaban allo ina cewa, in an ce muku masana sun gano, ku tambaya wa aka gwada, wa aka bari, kuma bambancin har nawa ne. Ana ta tafa mini. Wata malama har ta rungume ni ta ce na ceci 'yan ajinta. Ashe ina can ina ɗinke ɓarakar mutane, tawa tana yagewa a gida.

Da na ce ni da ku duk ɗaya, haushi ne na yini guda. A taron ranar na kawo shawara aka yi kamar ba a ji ba, wani ya maimaita ta aka ce madalla. Irin wannan yana faruwa, ba zan ɓoye maka ba, kuma yana da zafi. Amma gajiya daban, nadama daban. Ko yau aka mayar da ni shekarun Tartsatsi, hanyar nan zan sake bi da gudu. Kuma inda za a ɓata mata shekaru, ajin da ba ta so nake nufi. Na ce ka fi kowa sanin inda ya dace da ita don kai kake ganin hannunta a kan waya kullum.

Na san da laifina. Ka yi mini tambaya mai amsa ɗaya, a'a, na tsaya yi maka tatsuniya ina kallon agogo. Don girman Allah gobe ka je makarantar nan a mayar da ita. Na sayi sabuwar waya, na kira Anti na ce ta ba ni yarinyar, aka ce tana wanka. Na sake kira, aka ce ta kwanta.

Auta

*

Daga shago, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Mun gode Allah da kika dawo lafiya. Mu ma lafiya, in ban da abin da kika sani.

Takardarki ta zo da zafinta, na sha. Da farko na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Ke kika ce in gane sauran da kaina, na kuwa gane da irin kan da Allah ya ba ni. Ni ban taɓa sanin ɓera yana da mace da namiji a wurin aiki ba, a shagona duk wanda na gani takalmi nake jefa masa. Amma da na huce na ɗauko waccan takardar na sake karantawa a hankali, sai na ga ɓeraye ne tun daga sama har ƙasa. Hoton malamin nan ya riga ya zauna mini a kai, na zo wurinki da tsorona, abin da nake tsoro shi na karanta.

Na je makarantar. Na sa na'urar kunne, da fitonta da komai, don kada wata kalma ta wuce ni. Shugabar makaranta ta karɓe ni da mutunci, ta ce bakin alƙalami ya bushe, an aika da sunaye sama, 'yan ajin kimiyya kuma sun yi nisa. Hanya ɗaya ce, yarinya ta ƙarasa shekarar nan, baɗi ta dawo baya ta fara da ƙannenta. Na nemi malamin shawara na ce masa ƙanwata masaniyar ƙwaƙwalwa ta ce hotonsa fenti ne. Ya ce shi ma a wata bita aka ba shi, kuma ai da ƙafata na zo na ce a canza mata aji. Gaskiya kuwa ya faɗa. Shugabar ta ce in kin samu lokaci ki zo ki yi wa malamanta irin bitar da kike yi wa na wasu.

Na dawo na zaunar da Tartsatsi na karanta mata sabuwar takardar, har da inda kika zage ni, ban tsallake ba. Na ce mata, ke kika yi daidai, ni na yi kuskure, ki yafe wa Babanki. Ta ce, "Ba komai, Baba." Na ce shekara ɗaya ba wani abu ba ne, baɗi sai ki koma. Ta ce za ta yi tunani. Auta, da ta yi mini tsiwa da na fi jin daɗi. Wannan ladabin nata shi ke kashe ni.

Ranar Alhamis na naɗa koyil na injin ruwan wani mutum, na kuskure lissafi. Na kunna, yana ta kuka ban ji ba, sai da na ga hayaƙi. Na zauna ina kallon kujerarta. Na gudu ne kada wani ya ce wa 'yata ba za ta iya ba, na zo na faɗa mata da bakina, har da kawo shaida.

Ki rubuta mata da kanki. Wayar ba za ta karɓa ba, amma takarda na san za ta karanta.

Yayanki

*

Daga wurin aiki, ranar Alhamis

Zuwa ga 'yata Tartsatsi,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya, da karatu. Ni lafiya lau.

Wannan karon ba labari, ba misali. Maganar malaminku ba gaskiya ba ce. Ƙwaƙwalwarki ba ta da wani wurin da za ta kai ta gaji don ke mace ce. Kowa yana kaiwa wurin mai wuya, ni na kai, mazan ajinmu sun kai, wasu sun wuce wasu sun koma, kuma ba a rabe da jinsi ba. Ban taɓa nadamar aikina ba. Ke kaɗai kika karanta takardata yadda na rubuta ta, manya biyu muka taru muka ruɗa ki.

Ina so ki koma ajin kimiyya baɗi. Shekara ɗaya tana da tsawo a idonki yanzu, na sani, kuma zama da ƙanne aji ɗaya akwai ciwo. Amma ina roƙonki. Ga littafin lissafi nan na haɗo miki, wanda na yi amfani da shi a shekarata ta farko a ajin kimiyya, za ki ga rubutuna a gefe, da wuraren da na faɗi na sake. Na nemi hutu, in an ba ni zan zo in ga shugabarku, in kuma gan ki.

Ki ba ni amsa da hannunki, ko zagi ne.

Goggonki

*

Daga gida, ranar Asabar

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, da Kawu, da aiki. Mu duk lafiya. Gwiwar Mama ta yi sauƙi. Baba yana sa abin kunnensa yanzu kullum, har yana cewa mun cika surutu.

Na ga takardarki, na gode. Ba zan zage ki ba, Goggo, kuma ba na fushi da ke, ba na fushi da Baba. Na fahimci komai. Na san ɓeraye kike nufi, na san hoton fenti ne. In aka yi mini jarrabawa a kai zan cinye.

Amma bari in gaya miki gaskiya, tunda kin ce ba misali. Da malam ya nuna hoton nan a aji, dariya na yi, na ce a raina ai ga Goggona. Ko da duk malaman makaranta suka faɗa ba zai dame ni ba. Ranar da Baba ya ce har ke, ranar ne abin ya shiga. Yanzu kin ce ba ke ba ce, na yarda, amma ya ƙi fita. Da, in na yi lissafi ya ƙi, sai in ce na yi kuskure, in goge in sake, ko a jikina. Littafinki da ya zo na buɗe na gwada guda, na faɗi. Ban ji na yi kuskure ba, ji na yi kamar an kama ni. Na san ba haka ba ne, amma sanin bai hana ba.

Ba zan koma baya ba, Goggo. Ajin kasuwanci ba laifi, na yi ƙawaye, malamarmu tana sona, kuma a nan in na faɗi ba wanda zai ce dama an faɗa. Don Allah kada ki ce wa Baba ya ƙara yi mini maganar, in yana roƙona kuka nake ji.

In an ba ki hutun ki zo, ina so in gan ki. Bitar ma ki yi, amma ki sa a yi ta kafin taron iyaye na gaba.

Littafin kuwa, ki yi haƙuri, na ba wata yarinya 'yar ajin ƙasa da mu. Ta iya lissafi sosai, ta ma fi ni. Ita har yanzu ba wanda ya gaya mata komai.

'Yarki,
Tartsatsi